Bugun Gwaji: Injunan Rubutu da Haruffanmu a Zariya

Duk injin rubutun da ya taɓa sauka a Zariya, da giɓi ya iso. Na dalma ya zo babu ƙ, tafireta ta zo babu ɗ, kwamfuta ta zo babu ɓ, wayar hannu kuwa ranar da ta ga dama ta karɓe su sai ta ninka kuɗin saƙo. Ba ƙeta ba ce. Wanda ya ƙera inji a Ingila ko Jamus ko Amurka da harshen gidansu yake gwada shi, in ya ga rubutu ya fito sumul sai ya naɗe ya aiko. Sauran gwajin, wato a ga ko injin zai ɗauki Hausa da Yarabanci da Fulatanci da ajami, a nan ake ƙarasa shi, a wuyan wanda ya sayi injin. An fi shekara 90 ana haka a garin nan.

Yau manyan kamfanonin manhaja suna da ma'aikata na musamman don wannan. Aikinsu su ɗura wa sabuwar manhaja rubutun Larabci da na Sin da na Indiya da na Habasha, su zuba ido su ga inda za ta yi tuntuɓe: harafin da ya koma akwati, layin da ya juya baya, sunan da aka gutsure wa kai. Ni ma ina taɓa irin aikin daga shagona a Samaru, in masu haɗa manhaja sun aiko a duba musu ɓangaren Hausa. Amma ba a gaban kwamfuta na koye shi ba. A wata 'yar maɗaba'a na koya, bayan kasuwar Sabon Gari, wurin kawuna, wanda shi kuma ya koyi jera baƙin dalma a hannun tsofaffin ma'aikatan maɗaba'ar Kamfanin Gaskiya. Shi bugun gwaji yake cewa, abokan sana'arsa su ce furuf.

Sai mutum ya san yadda Sabon Gari ya tashi kafin ya gane abin da ya hana mai maɗaba'a a can zama da harshe ɗaya. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, aka kafa tasha nesa da ganuwar birni, a hayin Kubanni. Waɗanda suka biyo dogon, akawuna da masu gyaran inji da ma'aikatan kamfanonin sayen auduga da gyaɗa, aka yanka musu fili kusa da tashar. Yarabawa, Ibo, Nufawa, mutanen Saliyo da na Gwalkwas, sannan Hausawan da kasuwa ta jawo. Kowane rukuni da cocinsa ko masallacinsa, da ƙungiyar 'yan garinsu, kuma kowa yana so a buga masa takarda. A mako guda kawuna zai karɓi katin ɗaurin aure na Hausa mai Bismilla da Larabci a samansa, da tsarin addu'ar jana'iza na Yarabanci, da kalandar wata ƙungiya ta 'yan ƙasar Ibo, da rasit na Turanci. Yarabanci yana son ɗigo a ƙarƙashin e da o da s, ga alamun karin sauti a sama. Ibo yana son ɗigo a ƙarƙashin i da o da u. Hausa tana son ƙugiya. Akwatin baƙin da aka sayo kuwa Turanci kaɗai ya sani.

Ɗigon ƙasa kawuna yakan yi masa dabara: ya kwantar da aya a wani siririn layi daidai gindin harafin, ya cusa gutsattsarin dalma ya matse ta. In aka ɗaure shafi aka ɗaga, wani lokaci ayar ta zame ta koma ƙarƙashin maƙwabcin harafin, kuma ba mai gani sai an buga. Masu ƙugiya kuwa ba a akwatin sauran suke kwana ba. A wani gwangwanin madara yake ajiye su cikin aljihun tebur, kuma ya san adadinsu. In shafi ya zo da ƙ fiye da abin da ke gwangwanin, sai a jera rabi a buga, a warware, a jera sauran. Na sha ganinsa yana lallashin mai aiki ya sauya wata kalma don kawai ƙ ta ƙare.

Ita kanta ƙugiyar ba da ita boko ya fara ba. Bayan Turawan mulki sun fifita haruffan Rumawa a kan ajami don aikin ofis da makaranta, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, amma sautukan nan da Turanci ba shi da su sun daɗe ba su sami matsuguni ba. Wani ya ɗiga wa harafi ɗigo a ƙasa, wani ya rataya masa waƙafi a kafaɗa, wani ya bar shi tsirara ya ce mai karatu zai gane. A shekarun 1930 aka tsaya a kan ƙugiya. Ra'ayin masana harsunan Afirka na lokacin, irin su Diedrich Westermann na Jamus, shi ne gara a ƙera sabon harafi sukutum da a riƙa liƙa wa tsoho alama. Kawuna bai taɓa jin sunan Westermann ba, amma hujjarsu ɗaya. Ɗigo yana karyewa a inji, tawada tana cinye shi, mai rubutu da sauri yana mantawa da shi. Ƙugiya kuwa jikin harafin ce.

Littattafan Zariya ne suka kafa ta a idon jama'a. Hukumar Fassara, wadda aka fara a Kano aka dawo da ita Zariya a farkon shekarun 1930, ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, kuma gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Abubakar Imam yana edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka tara marubuta da editoci da injuna wuri guda a wajen Tudun Wada, inda har gobe sunan Gaskiya yake bin hanyar. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa fitar da jaridun larduna daga Zariya: Bazazzaga, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Sodangi ta Kano, Albishir ta Barno, da Mwanger u Tiv ta mutanen Binuwai. A 1966 kuma kamfanin buga littattafai na NNPC ya gaji aikin littattafan. Mutane sukan tuna wannan zamani da marubutansa, kuma sun cancanta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne akwai lokacin da a garin nan ake biyan mutum albashi don kawai ya zauna ya tabbatar Barbarci ya fito da juyayyen e ɗinsa, Fulatanci da ŋ ɗinsa, Hausa da ƙugiyarta.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce na gada. Mai jera dalma a juye yake ganin harafi, kansa ƙasa, damansa hagu. Ko a Turanci b da d da p da q suna rikita sabon yaro, to a Hausa an ƙara masa ɓ da ɗ. Don haka ba a yarda da idon wanda ya jera. Sai a shafa tawada, a ɗora takarda ɗaya, a danna, a zare. Mutum biyu za su zauna, ɗaya yana karanta rubutun asali da ƙarfi, ɗaya yana bin bugun gwaji da fensir. Ni ne nakan riƙe fensirin bayan an taso makaranta.

“Ɗana, abin da ke takarda za ka karanta, ba abin da ke kanka ba,” haka kawuna yake faɗa mini in ya ga ina gudu.

Sai daga baya na fahimci nauyin maganar. Wanda ya tashi da Hausa ba ya ganin ƙugiyar da ta faɗi. In an rubuta “ya karya kafa”, bakinsa zai faɗi ƙafa tun idonsa bai tantance ba, saboda ma'ana ta riga harafi isa. Wannan baiwa ita ke sa mu iya karanta rubutun da aka zubar wa ƙugiya, ita kuma ke sa kuskure ya wuce mu ya shiga littafi. Sai an ci karo da jimlar da ba ta da madafa, irin “ku shigo daidai” a inda ake nufin ɗaiɗai, sannan a farga. Na Yarabanci kuwa kawuna ba ya ma gwada sa'arsa. Akwai wani dattijo tela a layinmu, shi ake kai wa.

“Baba, a taimaka a duba mana wannan, kada mu binne mutum da sunan da ba nasa ba.”

Baban zai ɗora tabarau, ya karanta a hankali yana rera kowace gaɓa, ya nuna inda alama ta karkata hagu alhali dama ya kamata. Ladansa kati kyauta in zai aurar da 'ya.

Tafireta ta fi yin sarauta a Samaru. Tashar binciken noma tana can tun shekarun 1920, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, sai ga ofisoshi da ɗalibai masu kundin kammala karatu, ciki har da masu rubuta nasu da Hausa. Tafiretocin na Ingila ne da Jamus. Mai bugawa zai buga k da d da b tsirara, ɗalibi ya kwana yana bi da biro yana lanƙwasa musu kai, shafi bayan shafi, a kwafin asali da na kabon. In sitansil ne na injin gurza takarda, da tsinken ƙarfe ake zana ƙugiyar, in hannu ya yi nauyi a huda takardar, tawada ta malalo. Masu hali sukan kai tafiretarsu Sabon Gari wurin masu gyara, a cire madannan ½ da ¼ da ba a cika amfani da su ba, a liƙa masu ƙugiya da dalma. Sau da yawa sabon harafin yakan ɗan ɗara 'yan'uwansa tsawo, har ana iya gane ofishin da takarda ta fito daga yadda ƙ ɗinta take tsalle. Da aka sauya kuɗi zuwa naira a Janairun 1973 sai giɓin ya shafi kowa, har wanda ba ya jin Hausa: a buga N, a dawo baya, a buga = a kanta. Masu rubuta #500 a waya yau jikokin wannan dabara ne. A shekarun 1980 an yi yunƙurin yin jerin haruffa guda da zai wadaci manyan harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffan nan na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu. Kafin abin ya kai ko'ina kwamfuta ta kawo kai.

Ita kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da aka yi a Amurka a shekarun 1960 gurbi 128 ne da shi: haruffan Turanci manya da ƙanana, lambobi, alamun rubutu, da wasu umarnin inji. Babu gurbin ko é ta Faransanci, balle ƙ. Lokacin da na fara bugun kundin ɗalibai a Samaru, ƙarshen shekarun 1990, mafita ɗaya ce: zubin haruffa na gida, abin da muke kira font. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi wa Hausa irin wannan a shekarun 1990, su Rabi'at da Abdalla, kuma duk wanda ya buga littafin Hausa a lokacin ya san ya ci moriyar aikin. Akwai wasu zubin da dama da suka riƙa yawo a faifai daga shago zuwa shago. Dabarar duka iri ɗaya ce da ta mai gyaran tafireta. A sami madannin da Hausa ba ta buƙata, a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya. Wasu suka zaɓi q da x da v, wasu suka zaɓi alamun baka. A fuskar kwamfuta ka ga ƙasa, a cikinta kuwa qasa ta ajiye, ko }asa.

Muddin takarda za a buga a shagon da aka rubuta, lafiya lau. Ranar da fayil ya bar gida ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, asiri ya tonu. Ɗalibi zai dawo da gudu.

“Oga, me ka yi wa aikina? Malam ya buɗe ya ga xaya da vangare ko'ina!”

Ba abin da aka yi wa aikinsa, haka yake tun farko. Har yau in ka zazzago kundin digiri na Hausa daga intanet, ko tsohuwar mujallar nazari, za ka tarar da xaya da qasa da ]aya birjik. Ba ado kaɗai ya lalace ba. Wanda ya nemi kalmar ɗabi'a ba zai sami kundin da ya ajiye ta a xabi'a ba, saboda haka aikin shekaru yana nan kamar babu shi.

Abin haushin shi ne tun kafin mu fara wannan wahala an riga an yi maganinta. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991 don ya ba kowane harafi na kowane rubutu a duniya lamba tasa shi kaɗai, ya zo da haruffanmu tun farkon shekarun 1990. Yau yana ɗauke da alamomi fiye da 140,000. Sai dai yadda aka zaunar da namu ya bar baya da ƙura. Babbar Ƙ lambarta 408, ƙaramar 409, maƙwabtan juna. Amma babbar Ɗ tana 394, ƙaramarta tana can 599. Babbar Ɓ 385, ƙaramar 595. Dalili kuwa, ƙananan ɓ da ɗ an sauke su a unguwar alamun masana furuci, manyansu a unguwar ƙarin haruffan Rumawa. Mai zana font da ya cike unguwa ɗaya ya tsallake ɗayar zai ba ka rabin Hausa. Daga nan ne ake samun kanun labari wanda duk haruffansa masu kauri ne sai ɗ ɗaya siririya a tsakiya, don kwamfuta ta rasa ta a zubin da aka zaɓa ta je ta aro a wani. In ba ta sami aro ba sai ta ajiye akwati. Yaƙi da wannan akwati ne ya sa Google ya ɗauki nauyin jerin zubin Noto.

Akwai wata cutar daban, wadda duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa gani. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma yanzu shi ne ruwan dare, harafin Turanci gurbi ɗaya yake ci, mai ƙugiya biyu. In manhajar da ta karɓi rubutun ta ɗauka tsohon tsarin Yammacin Turai ne, sai ta karanta guraben biyu a rarrabe. Ƙasa da ƙaramin baƙi ta koma Æ™asa, ɗaya ta koma É—aya. Ba aljanu ba ne, lissafi ne, kuma kullum sakamakon iri ɗaya yake fitowa. Mai gwaji da ya saba yana ganin Æ™ ya san a wace mahaɗa aka yi ɓarin.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ta zo da nata hukuncin. Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160 in duka suna cikin ɗan jerin da aka tsara don harsunan Turai. Harafi ɗaya tak daga waje, ko da ƙ guda ce, sai wayar ta sauya tsari, saƙon ya koma 70. Wayoyin farko ma ba su da haruffan sam. Da aka sami masu su, rubuta Hausa daidai ya zama abin da ake biya wa tara. Matasa suka nemo hanyarsu: qasa, 6arawo, d'aki. Malaman Hausa suna tsine wa wannan rubutu, ni kam ban iya ba. Yaron da ya rubuta 6arawo kunnensa ya ji bambancin, ya kuma ƙi yarda ya bar shi ya ɓace. Wanda nake jin haushi shi ne mai jarida ko mai buga allon talla da yake da kwamfuta ta zamani, Windows ta ba shi allon madannan Hausa, Gboard ya sa masa su a waya, amma ya zubar da ƙugiya ya ce inji ne. Wannan uzuri ya daɗe da mutuwa. Abin da babu yanzu shi ne mai riƙe fensir.

In aka aiko mini manhaja, da jimla ɗaya nake fara mata, wadda na haɗa don ta ƙunshi manya da ƙanana duka: “Ɓarawo ya ɗauke ƙwaryar 'ya'yan Ɗanladi, ya ɓuya a Ƙofar Doka.” Ganin ta fito daidai a fuska shi ne mafi sauƙi, kuma nan yawancin masu gwaji na waje suke tsayawa. Ni sai in kauranta ta, in karkata ta, in ce a mayar da ita manyan baƙaƙe in ga ko ɗ za ta san babbarta. In ajiye, in rufe, in buɗe a wata waya mai araha irin wadda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, don ba kowa ke riƙe da irin wayar mai haɗa manhajar ba. In sa ta jera sunaye in ga ko Ƙasimu zai biyo bayan Kabiru ko za a jefa shi bayan Zubairu. In mayar da shafin PDF, in kwafo rubutun daga ciki in ga abin da zai dawo.

Amma abin da ya fi kayar da manhajoji ba ƙugiya ba ne, ɗan waƙafin sama ne. Aƙalla alamomi huɗu ne suke kama da juna a ido, kowace da lambarta: miƙaƙƙen na kan madanni, mai buɗe zance, mai rufe zance, da wanda aka ware don ya zama harafi. Manhajar rubutu tana ganin waƙafi a farkon 'yanci sai ta ɗauka zance za a buɗe, ta juya shi. Wanda ya nemi kalmar da wani irin waƙafin ba zai same ta ba. A Nijar kuma ƴ suke rubutawa a inda muke rubuta 'y, ga hanya ta biyar. Sannan ga sunaye. Asma'u, Sa'idu, Isma'ila, Rabi'u: na ga fom ɗin rajista da ya ce suna ba ya ɗaukar alama, na ga wanda ya karɓa ya ajiye Asma kawai, na ga wanda ya tsaya cak saboda ya ɗauki waƙafin a matsayin umarni. Mai sunan ne zai yi ta zarya daga baya yana rantsuwa cewa shi ne shi.

Ajami na bari a ƙarshe don har yanzu shi gwajinsa bai ƙare ba. Tun zamanin dalma ya ƙi injin. Baƙin Larabci da ake sayowa na Gabas ne, mu kuwa idonmu da rubutun allo ya saba, na ruwayar Warshu, mai kauri, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf take da ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshen kalma kuma takan zo babu ɗigo. Almajirin da aka miƙa wa bugun Gabas zai ga fa ya karanta ƙaf. Shi ya sa masu buga littattafan ajami da na addini, a Zariya da Kano, suka kauce wa dalma: a ba mai kyakkyawan hannu ya rubuta da alƙalami, a ɗauki hoton shafin a buga. Bismillar katin kawuna ma ba jera ta yake ba, hatimi guda ne da aka sassaƙa, yana ɗora shi a kowane kati. Ajamin da kowa yake gani a kan naira shi ma zane ne, kuma an cire shi daga ₦5 zuwa ₦50 a 2007, daga sabuwar ₦100 a 2014, ya rage a manyan takardu.

A kwamfuta sai da aka bi abin ɗaki-ɗaki. A 2005 Unicode ya ƙara ɗigon imala, wanda muke rubuta wasalin e da shi, tare da wasu baƙaƙen harsunan Afirka. A 2016 aka ba fa da ƙaf da nun irin namu lambobinsu, a shekarar da rubutun Adlam na Fulani ya shiga. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da Harmattan. Duk da haka in na gwada manhaja da ajami nakan tarar da abubuwa uku. Larabci na yau da kullum ba ya sa wasali, ajami kuwa ba ya karantuwa sai da shi, don haka layin da aka auna da jaridar Larabci yakan yanke wa namu fataha a sama ko kisira a ƙasa. Rubutu yana tafiya daga dama, lamba daga hagu, in aka haɗa su da ₦ ko lambar waya sai alamar ta yi tsalle ta koma ɗaya gefen. Baƙin da zubin bai sani ba kuma yakan tsinke daga jikin kalma ya tsaya shi kaɗai.

A Samaru akwai tarin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da shirin binciken tarihin Arewa na jami'a ya tattaro tun shekarun 1960, kuma ɗaliban da ke nazarin irinsu sukan zo shagona a buga musu baitocin da za su sa a kundi. A nan wata sabuwar matsala ta ɓullo. Fa mai ɗigon ƙasa ana iya samar da ita ta hanya fiye da ɗaya: a buga fa ta Larabci a bar wa zubin ya sauko da ɗigon, ko a buga wadda aka ware wa Magrib tun da, ko sabuwar ta 2016. A takarda ba ka iya bambancewa, a cikin kwamfuta kuwa lambobi uku ne daban. Ɗalibai biyu za su buga baiti ɗaya, neman ɗayan ba zai kai ka ga ɗayan ba. Babu hukumar da ta tsayar mana da guda tukuna. Abin da muke yi a shago yanzu shi ne mu rubuta a shafin farko na kowane fayil wace fa aka yi amfani da ita, da sunan zubin, mu kuma haɗa wa ɗalibin zubin a filashi ya tafi da shi wurin malaminsa.